Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi Kan Kuɗin Rajistar Jami'a

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malami ne a ɗaya daga cikin jami'o'in tarayya. Gwamnati na yawan cewa karatu kyauta ne a jami'o'inta, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, jami'o'i irin su Bayero da Legas suka ninka kuɗin rajista, wasu kwasa-kwasan ma ninki ba ninki. Uban da ya sayar da buhunan masara ya biya, bai ga kyautar ba.

Da a ce kuɗin nan ɗakin gwaje-gwaje suke tafiya, da mun yi shiru. Wuta ke cinye su. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin lantarki na rukunin Band A, wato na waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, jami'o'i da dama suka faɗa ciki, abin da Abuja ke turo musu na gudanarwa kuwa bai taka kara ya karya ba. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na gina azuzuwa masu kyau, amma ba aikinsa ba ne biyan kuɗin wuta ko sayen man janareta. Shi ya sa za ka tarar da sabon gini an kulle, ɗalibai na leƙen darasi ta taga a tsohon zaure, malamin kimiyya na zana gwaji a allo saboda firjin sinadarai ya kwana a kashe. Haka za mu yaye su, mu ba su shaidar digiri.

Lamunin karatu na asusun gwamnati, NELFUND, da aka buɗe a 2024 ya ceci yara da yawa, Allah ya saka. Sai dai naira 20,000 a wata ba ta kai ɗalibi ƙarshen wata, kuma bashi ne a wuyansa. Ana rancen ne don a biya wuta, ba don karatu ya inganta ba.

Dakatar da buɗe sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai da kuka yi a 2025 daidai ne. Roƙona, ranka ya daɗe, abin da za a kashe wa sababbin a juya shi ga waɗanda ke ƙasa. A fitar da jami'o'i daga Band A ko gwamnati ta ɗauki nauyin wutarsu kai tsaye, sannan a wajabta wa kowace jami'a ta wallafa yadda ta kashe kuɗin rajistar da ta karɓa, iyaye su gani da idonsu.

Na gode, Allah ya taimake ka.

Wani malamin jami'a