Tunawa da Kakarmu Mai Son Ilimi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in tuna da kakarmu, wadda Allah ya yi wa rasuwa a Kano bayan ta haura shekara 80 a duniya.

An yi mata aure tana ƙarama, ba ta da wani karatu sai na allo. Amma da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a shekarar 1980, sai ta shiga ajin yaƙi da jahilci tana goye da autarta, duk da surutun dangi, har ta iya karanta wasiƙa da rubuta lissafin adashinta da kanta. Da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta mata, kuma ba ta yarda an ɗora wa ko ɗayansu tallan da zai hana ta zuwa aji ba, abin da a ganina ya fi komai wuya a wancan zamani.

Har ƙarfinta ya ƙare, matan unguwa suna taruwa a tsakar gidanta bayan la'asar tana biya musu karatun Alƙur'ani.

Allah ya jiƙanta da rahama, amin.

Jikarta,
daga Kano.