Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta mafarauta na shekarar 2025

Assalamu alaikum iyayenmu sarakunan baka, dattawa da sauran 'yan uwa na cikin garin Bauchi da ƙauyuka. Ga rahoton bana, dan Allah wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Kusan duk ƙarfinmu da ɗan abinda ke asusu bana ya tafi ne a zirga-zirgar caji ofis da kotu. Kun san duk lokacin hawan sallah ko taron siyasa ko in an samu tashin hankali, ana fitar da sanarwar hana yawo da makami, kuma mu ba ma ja da wannan, kowa ya san ɓarnar 'yan sara-suka a garin nan. Matsalar ita ce wajen aiwatarwa, ɗan sara-suka ya soke wuƙarsa a ƙugu ya wuce, mafaraucin da ya kwana uku a daji bai ma ji sanarwar ba ya fito da adaka a kafaɗa, toh shi ake fara gani a shinge.

A taronmu na bayan ƙaramar sallah matasa sun matsa lallai mu kai ƙara a soke irin wannan hani gaba ɗaya, har wani ya kawo misalin Amurka, inda a watan Satumban 2023 gwamnar jihar New Mexico ta hana fita da bindiga a birnin Albukerki da kewaye na kwana 30, shugaban 'yan sandan gundumar ya ce shi ba zai aiwatar ba, cikin 'yan kwanaki kuma alƙalin kotun tarayya ya dakatar da dokar. Gaskiya ne an yi haka. Amma lauyanmu ya zaunar da mu ya ce su can tsarin mulkinsu ne ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe bindiga, namu na 1999 babu wannan ko kaɗan, a nan bindiga izini ce ake ba ka kuma ana iya karɓewa. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su uku, manyan da aka haramta irin na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu lasisinsu na hannun sufeto janar, bindigar toka kuma maganarta na wajen kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ko lokacin da gwamnan Zamfara ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu a 2022, ai kun ji yadda babban hafsan tsaro ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Dan haka kwamiti ya yanke ba za mu zuba kuɗin marayu da na jinya a shari'ar da ba ta da ƙafa ba, ni ma ra'ayina kenan har yanzu duk da na san wasu ba su ji daɗi ba.

Inda muke da ƙafa shi ne yadda ake kamun, kuma nan muka tsaya tsayin daka. Tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, in babu kwana biyu. Beli kuma a caji ofis kyauta ne. A wani caji ofis an riƙe wani dattijonmu kwana da kwanaki da takardarsa a aljihu, aka karɓe bindigar ba a rubuta komai ba, sai da lauya ya kai takardar koke kafin aka sake shi, bindigar kuma har yau muna bi. Wallahi abin ya yi mana ciwo, mutumin da ake tasowa tsakar dare in an sace shanu ya bi sawu. A wasu wuraren kuma gaskiya mun samu haɗin kai, DPO na kiran sarkin baka ya sanar da shi kafin hani ya fara, wannan muke roƙo ya zama haka ko'ina.

Wanda kuma aka kama ba takarda, ko da bindigar da ba ta farauta ba, ko a cikin gandun dajin Yankari da aka hana farauta, mun faɗa mun sake faɗa ƙungiya ba za ta tsaya masa ba. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga a dokar bindigogi aƙalla shekara 10 ne a gidan yari.

Maganar sabon lasisi, tun da hedikwatar 'yan sanda ta sanar da dakatarwa a 2023 matasanmu da yawa suke cikin tsaka mai wuya, mun rubuta wasiƙa muna jiran amsa. Kar wanda ya ba ɗan kamasho kuɗi wai zai fito masa da takarda.

Mun yi addu'a ga mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris, da 'yan uwanmu da 'yan bindiga suka kashe a yankin Alkaleri, Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. Tun bayan Uromi muka hana kowa tafiya farauta wata jiha ba tare da katin ƙungiya da wasiƙar hakimi ba, kuma bindiga a mota a sauke ta a naɗe, albarushi daban.

Kuɗin wata har yanzu rassa da dama ba su kawo ba, ga lauya na binmu. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taro, kowane reshe ya zo da hoton lasisin mambobinsa da sunayen waɗanda aka karɓe ma bindiga ba a mayar ba, da rana da wurin da aka karɓa.

Sakatare, a madadin kwamiti