Ba matasa kaɗai suka rage mana sahu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Lahadi har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Malamin da kuka gayyato ya ƙare lokacinsa kaf yana caccakar matasa da wayar hannu, wai su suka gudu daga jam'i. Ko sau ɗaya bai taɓo dattawan da ke riƙe da masallatai ba.

A Agege nake, shekarata 19 ina salla a masallacin layinmu. Da can sahu huɗu muke yi da asuba, yanzu ɗaya ma da ƙyar yake cika. Wasu yaran sun koma gida tun da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022. Wasu ƙarfe huɗu da rabi suna cikin danfo, wato motar haya ta Legas, don gudun cunkoson Oshodi, a tasha suke sallarsu. Neman halak ne ya fitar da su.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar na'ibi. Baba Liman ya haura tamanin, Allah ya ƙara masa lafiya. Shekara biyar muna roƙon kwamiti a naɗa wanda zai riƙa taya shi, sai a ce, "So kuke ya mutu?" Azumin bara hawan jini ya kwantar da shi. Daren da za a fara tarawihi ladan ya tayar da iƙamar Isha'i, muka tsaya cirko-cirko, dattijai biyu kowa na ganin shi ya cancanta. Ga yaro nan a sahun baya, mahaddaci, mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Aka ce ɗan yaushe ne, ko aure bai yi ba. Washegari ya canza masallaci, abokansa shida suka bi shi, har yau ba su dawo ba.

Da ciwo ya tsananta ga Manzon Allah (SAW), ai da kansa ya umarci Sayyidina Abubakar ya ja salla. Mu kuwa mun mayar da zancen magaji mugun fata! Ku sake shirin, ku zaunar da shugabannin kwamitoci, ku tambaye su wa suka tanada.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Sau tara na kira, da aka ɗauka ina cikin sallama aka katse ni aka sa talla.

Naku,
Mai sauraro daga Agege, Legas