Motar Maƙwabcina da Motar Baba

Assalamu alaikum, mutumina.

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya ruwan Kaduna? Mu nan lokacin zafinsu ne, har ƙarfe tara na dare rana ba ta faɗi ba.

Ranar Lahadi na shiga wata mota da ta sa na yi ta tuna ka. Maƙwabcina, wani dattijon Bature, yana da 'yar ƙaramar jar MGB ƙirar 1972. Duk hunturu a kulle take a gareji, don gishirin da suke watsawa a titi saboda ƙanƙara yana cin ƙarfe. Sai rana ta buɗe yake fito da ita, ya goge ta kamar amarya. A Abindon aka ƙera ta, nan kusa da mu a Oksifod ta Ingila, kuma daga 1962 zuwa 1980 an yi fiye da rabin miliyan.

Kujera biyu ce kacal. Shigarta ma aiki ne, sai ka durƙusa kamar mai leƙa akurki, mai babbar riga kuwa kada ya soma. Da ya naɗe rufin tamfol ya taka wuta, iska ta yi awon gaba da hulata, sai da muka tsaya na koma na tsinto ta a cikin ciyawa. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai daɗi. Kana zaune dab da kwalta, ƙugin injin a kunnenka, gudun kilomita 80 sai ka rantse jirgi ne zai tashi.

Duk da haka hankalina yana kan Peugeot 504 ɗin Baba, doguwar nan mai layi uku da aka haɗa a Kakuri ta Kaduna. Ka tuna shekarar da ka bi mu Katsina Babbar Sallah? Mu yara a can baya kan buhun shinkafa, rago a ɗaure yana hura mana ƙeya, Inna riƙe da kular tuwo. Ramuka da gargada ta haɗiye su ba ko gezau. Wannan jar kuwa, ko ƙafar ragon ba ta da inda za ta sa, kuma ramin farko bayan Zariya zai taɓa mata ciki.

Dattijon ya ce ai tasa ta wasan gudu ce, tamu ta kai yara makaranta. Na ce masa 504 ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa ta a Kaduna. Ya yi dariya, ya ce to na kama shi.

Ta Baba tana nan a gidan Kawu, an ce kaji ke kwana a ƙarƙashinta. Don Allah in ka bi ta kasuwar Panteka ka tambayar min kuɗin kabureta da tayoyi huɗu, ka kuma kai bakanike ya duba injin. Ina so in na zo hutun Disamba mu tashe ta.

A gaida kowa da kowa.

Naka,
abokinka na Oksifod