Wasiƙar godiya ga gidan motsa jikin unguwarmu a Agege

Zuwa ga Alhaja mai gidan, da manaja, da masu horarwa, da sauran ma'aikata baki ɗaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda a fili ne a madadin kaina da 'yan uwana da muke zuwa wurinku, galibinmu mahauta daga mayankar Oko-Oba da 'yan dako daga kasuwar Mile 12, sai 'yan tsirarun masu shaguna. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, kuma mun ga ya fi kyau a yi yabon inda sauran 'yan uwanmu mazauna Legas za su gani.

Kowa ya san yadda mutanenmu suke kallon irin wannan wuri. Wanda ya tashi tun kafin asuba yana sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir daga tirelar da ta kwana a hanya daga Arewa, idan ka ce masa ya biya kuɗi ya je ya ɗaga ƙarfe, dariya zai yi maka. A ganinsa aikin masu tumbi ne da 'yan ofis. Kocin gidan da ke horar da mu bai yi musu da kowa a kan wannan ba. Abin da ya nuna mana shi ne, aikin dako motsi ɗaya ne ake ta maimaitawa, sau da yawa a kafaɗa ɗaya, ba ranar hutu. Waɗansu tsokoki suna shan wahala fiye da kima, waɗansu kuwa suna kwance, nauyin duk yana sauka a kan ƙugu da gwiwa. Shi ya sa za ka ga ƙato mai ƙirar ƙarfi bai kai shekara arba'in ba amma ruku'u yana ba shi wuya.

Saboda haka bai fara ba mu manyan ƙarafa ba. Da yadda ake ɗaukar kaya daga ƙasa ya fara: ka durƙusa da gwiwa, ka miƙe bayanka, ka jawo kayan kusa da jiki, ka tashi da ƙarfin cinya, kuma kada ka murɗa ƙugu alhali kaya na hannunka, ka juya da ƙafa. Daga nan aka shiga ƙarfafa tsokar ciki da ta gadon baya da ta cinya. Mahauta kuwa, da sarar ƙashi ta cinye musu kafaɗa da wuyan hannu, robar nan mai miƙewa aka ba su. Da farko sun raina ta, suna cewa kayan wasan yara ne. Yanzu sai an yi layi a kanta.

Muna kuma yaba awon jinin da kuke yi wa kowa ranar rijista. Duk wanda aka auna aka sake aunawa aka ga ya kai 140/90 ko ya wuce, ba ku barinsa ya taɓa ƙarfe mai nauyi sai ya je asibiti ya ji ta bakin likita. Kuɗinsa kuke hana kanku a ranar, kuma mun lura. Ta wannan hanya dattawa da dama a cikinmu suka san suna ɗauke da hawan jini, ciwon da zai iya shekaru a jikin mutum bai yi masa ko ciwon kai ba.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun hutun jiki bayan aiki, domin a nan ne mutanenmu suka fi cutuwa. A kasuwa da mayanka, maganin gajiya ƙwaya ce. Mutum zai tsaya gun mai kemis da yamma a ƙulla masa haɗi, ibuprofen ko diclofenac da wasu da bai ma san sunansu ba, ya kora da ruwan leda a cikin da ba kowa. Wani kuma ya riga ya kai ga tramadol, wanda ke ɓoye ciwon har mutum ya ci gaba da aiki a kan rauni, daga baya kuma ya kasa rabuwa da shi. Koci ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla, da Hausar da ya tsinta a Agege, wadda ba ta miƙe sosai ba amma ta isar da saƙo. Irin waɗancan ƙwayoyin rage zogi, idan aka mayar da su abincin kullum, suna ƙwaƙular ciki har su kawo gyambo, suna kuma wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ya wuni yana zufa bai sha ruwa isasshe ba.

Ya kuma raba mana tsamin jiki da rauni. Tsami, in ji shi, yana zuwa ne bayan sa'o'i, ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan aikin, saboda 'yan ƙananan yagewa da ke faruwa a cikin tsoka. Jiki da kansa yake ɗinke su, kuma a wajen ɗinkin ne tsokar take ƙara ƙarfi. Don haka ba a matsa wa tsoka ɗaya kwana biyu a jere, ana ba ta kamar awa 48, a yi aiki da wani sashen. Tafiya a hankali, da miƙe jiki, da ɗan tausa suna sassauta shi. Rauni kuwa daban yake: suka mai kaifi a gaɓa, ko kumburi, ko ciwon da ke tasowa daga ƙugu ya gangara ƙafa da mutuwar jiki. Wannan ba na koci ba ne, na likita ne, kuma haka kuke faɗa ba kwana-kwana. Akwai gargaɗi ɗaya da ya sa muka haddace: wanda ya yi aiki mai tsanani ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ga tsoka na ciwo, ya wuce asibiti a ranar, kada ya jira gobe.

Maganar barci ce dai ta fi wuya. Ana son baligi ya samu aƙalla awa 7, amma wanda gosulo ya riƙe a hanyar Ikorodu har bayan isha'i, kuma zai fita ƙarfe huɗu, ina zai samo su? Koci ya san Legas, bai matsa ba. Ya ce a rage hirar dare da latsa waya, a kuma riƙe ƙailula in an samu sarari.

Ba ku taɓa tallata mana gwangwanayen garin ƙara tsoka na ƙasashen waje ba, ko da yake da riba a ciki. Abin da ke gabanmu kuka nuna mana: ƙwai, wanda kowane ɗaya ke da kimanin giram 6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, da wake, da awara, da kifi, da gyaɗa, da kindirmo. Mahauta dai ba a yi musu wa'azin nama. Allurar kumbura ƙwanji kuwa kun haramta ta a gidan gaba ɗaya, kun kuma faɗa wa samari gaskiya cewa tana taɓa hanta da zuciya, tana kuma iya rage wa namiji haihuwa. Na ƙarshen nan shi ya fi shiga kunnuwansu.

Alhaja, ke musamman muna miki godiya kan yadda kika tsara wurin. An ware wa mata lokacinsu da mai horarwa mace, shi ya sa matanmu da ke fama da ciwon suga da ciwon gwiwa suka samu damar hawa keken motsa jiki da injin tafiya hankali kwance. Ana rage kiɗa idan an kira salla, ga wurin alwala. Da azumi aka mayar da aiki mai nauyi bayan asham. Kin kuma yarda a riƙa biya mako-mako, domin mai samun yau da gobe ba ya iya haɗa kuɗin wata a dunƙule. Hausawa sun daɗe a Agege tun zamanin fataucin goro, amma ba kowane mai sana'a ne yake tsayawa ya tambayi yadda rayuwarmu take tafiya ba.

Masu shaguna da 'yan canji, waɗanda ke wuni a kan benci, an ɗora su a kan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Samarinmu 'yan dambe ma sun amfana. Dambe gadon mahauta ne, kuma koci bai san dokokinsa ba, amma kallo ɗaya ya yi ya gane cewa hannun da ake ɗaurewa shi ke yin aikin duka, ya sa su horar da ɗaya ɓarin da ƙafafu. Akwai kuma masu sha'awar gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016, mai kilomita 42. Zafin kai ya so ya ɗebe su, koci ya ce su fara da na kilomita 10.

Muna da roƙo guda biyu. A rubuta bayanin kowane inji da Hausa a liƙa a jikinsa, saboda sababbin zuwa da ke jin kunyar tambaya. Sannan in Allah ya hore, a duba yiwuwar buɗe reshe wajen Ketu, domin 'yan Mile 12 kuɗin mota da cunkoso suna hana da yawansu zuwa yadda suke so.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare ku da iyalanku.

Naku,
Wani mahauci mazaunin Agege, a madadin 'yan uwansa.