Burodin Jiya Ba Na Bola Ba Ne: Yadda Ake Gasa Fudin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da uwayen gida da masu koyon girki a kan burodin da ya kwana. Yadda burodi ya yi tsada a yau, abin takaici ne a ga an watsa wa kaji rabin mulmule don kawai ya bushe, alhali akwai abinci mai daɗi da ba ya yiwuwa sai da irin wannan burodin. Fudin burodi ake ce masa, wato burodin da aka jiƙa da madara da ƙwai aka gasa. Asalinsa girkin mutanen Ingila ne, kuma talakawansu ne suka riƙe shi shekaru aru-aru don kada gutsuren burodi ya salwanta. Misirawa ma suna da ɗan'uwansa, Ummu Ali. Da yawa sun gwada a gida ya fito musu a caɓe ko yana tsatstsafar ruwa, suka ce ba su iya ba. Laifin kusan kullum na abu biyu ne: awo da wuta.

Ga awon da zai ishi mutum shida: burodi yanka 8, wato kamar giram 300, madara rabin lita, ƙwai 4, sukari babban cokali 6, bota babban cokali 3, zabibi ko yankakken dabino cikin tafin hannu, kirfa rabin ƙaramin cokali, gyaɗar ƙamshi da gishiri ɗan kaɗan. In madarar gari ce, a dama babban cokali 8 a rabin litar ruwa. In ta gwangwani ce, a juye ƙanana biyu a cika da ruwa har ya kai rabin lita. Abin riƙewa shi ne ƙwai ɗaya ga kowane mililita 125 na madara. Aka rage ƙwai, fudin ba zai kama jikinsa ba. Aka yawaita, ya koma wainar ƙwai mai zaƙi. Sannan a ɗanɗana burodin tukuna, domin yawancin wanda ake sayarwa a kasuwanninmu da sukarinsa yake zuwa, in da zaƙinsa, sukari cokali 4 ma ya wadatar.

Dalilin neman busasshen burodi shi ne ruwan jikinsa ya ragu, yana da wurin da zai sha madara. Sabo mai laushi ya riga ya ƙoshi, yana haɗuwa da madara sai ya dame ya zama kamar kullu. In sabon kaɗai ke akwai, a yayyanka a shanya a faranti na 'yan sa'o'i, ko a sa a obin minti 10. Amma a bambance bushewa da lalacewa. Burodin da ya yi fumfuna, ko da ɗigo ɗaya ne kore a gefe, zubarwa ake yi gaba ɗaya. Yanke wurin ba ya isa, saboda fumfuna na da siraran jijiyoyi da ke ratsa cikin burodi inda ido ba ya gani.

A shafa bota a kowane yanka, a shafe kwanon gashin ma, sannan a yayyanka burodin a jera, ana barbaɗa zabibin a tsakankani. Kada a bar zabibi a sama, ƙonewa yake yi ya yi ɗaci. A kaɗa ƙwai da sukari da kayan ƙamshi a kwano daban. A ɗumama madarar, ɗumin da yatsa zai iya jurewa, a riƙa tsiyayawa a hankali cikin ƙwan ana kaɗawa. Wadda ta juye tafasasshiyar madara a kan ƙwai ta dafa shi tun kafin a je ko'ina, sai gudaji. A tace da rariya, a zuba a kan burodin, a danna da bayan cokali.

Daga nan sai haƙuri: a bar shi ya jiƙa minti 20 zuwa 30. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. In ba a jira ba, madarar na kwance a ƙasa, burodin na sama a bushe, aka yanka a ga tsakiyar kowane gutsure fari fat bai sha komai ba.

Wuta kuwa ita ce babbar magana. Ƙwai da madara suna daskarewa ne tun zafinsu bai kai na tafasar ruwa ba, kusan digiri 80 a ma'aunin Celsius. Da zarar ya wuce haka sosai, ƙwan ya takure ya matse ruwan da ya riƙe, kamar an matse soso. Shi ne ake ganin ƙananan ramuka a jiki da ruwa kwance a gindin kwano, ga ƙarni ya tashi. Don haka a sa obin a digiri 160 zuwa 170, a gasa minti 35 zuwa 45. Ya fi kyau a ɗora kwanon cikin wani faranti mai zurfi, a zuba ruwan zafi ya kai rabin tsayinsa. Ruwan ne ke tare zafin daga dukan gefe da gindi.

Wadda ba ta da obin ba ta rasa hanya ba. Yadda ake gasa kek a tukunya haka za a yi: yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, duwatsu uku a kai, a rufe ta yi zafi minti 10, a ɗora kwanon a kan duwatsun. Sai dai fudin bai kai kek jure wuta ba, saboda haka a rage gawayin ƙasa, a kwashi garwashi a zuba a kan murfi. Ana iya turara shi ma kamar alala, a rufe bakin kwanon kada gumin murfi ya ɗiga ciki. Zai yi laushi ƙwarai, illa dai ba za a samu wannan jan ɓawon na sama mai ƙaras-ƙaras ba, wanda a ganina shi ne rabin daɗin.

Gane nuna ba wuya. A soka wuƙa a tsakiya: in ta fito da danshi amma ba farar madara, ya yi. In aka girgiza kwanon, tsakiyar ta ɗan motsa kaɗan, a sauke haka nan, zafin jikinsa zai ƙarasa shi. Zai kumbura a wuta ya sauka in ya fito, ba lalacewa ba ce. A ba shi minti 15 kafin a yanka.

Tun da ƙwai da madara ne, kada ya wuce awa biyu a waje, balle a zafin bazara. A firji yana kai kwana uku. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a raba awon biyu: yanka 4, ƙwai 2, madara kofi ɗaya, a ƙaramin kwano, a fara duba shi daga minti 25.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Daga mai koyar da girki, Zariya.