Wasiƙa zuwa Alƙahira, a kan shekarar 1324

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya kuma zafin Masar? Mutanen gida duk lafiya lau. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa ta a addu'a.

Hoton nan da ka turo mini kana tsaye a ƙofar ganuwar Salahuddini shi ya hana ni sukuni. Ka san kuwa a cikin wannan ganuwar Mansa Musa na Mali ya gana da Sarkin Masar, Nasiru Muhammadu ɗan Ƙalawun, a shekarar 1324, wato 724 bayan Hijira?

Kowa zinariya yake ambata in an yi zancensa. Gaskiya ne ya yi rabo ba na wasa ba. Al-Umari, malamin tarihin da ya binciki labarin bayan kimanin shekara 12, ya ce miskalin zinariya da ba ya yin ƙasa da dirhami 25 ya koma bai wuce 22 ba. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Da aka ce Mansa Musa ya hau fada, sai ya yi ta nokewa, yana cewa aikin Hajji ya kawo shi. Dalili kuwa, al'adar fadar ita ce baƙo ya sumbaci ƙasa a gaban sarki. Da aka matsa masa, sai ya ce shi Allah da ya halicce shi zai yi wa sujada, ya yi, sannan ya matsa gaba. Sarkin Masar ya ɗan miƙe, ya zaunar da shi kusa da shi. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Kuma ka ga, a kan hanyar dawowa daga Makka guzuri ya ƙare masa, har sai da ya ci bashi wurin fataken Alƙahira. Mutumin da ya karya farashin zinariya!

A watan Janairun shekarar 1324 ɗin nan ne shahararren matafiyi Marko Polo ya rasu a birnin Benis na ƙasar Italiya ta yau. Fafaroma Yohanna na 22 yana zaune a garin Abinyon na ƙasar Faransa ta yau, ya kori Sarkin Jamus Ludwig na Babariya daga coci, Ingila da Faransa kuma suna yaƙi a kan yankin Gaskoni. Ibn Battuta kuwa bai ma bar Tanja ba tukuna, sai a 1325. Mu nan Kano, sai zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka iso mana daga Mali ɗin.

Don Allah in ka samu sarari ranar Juma'a, ka koma ganuwar, ka shiga masallacin da Nasiru ya gina a ciki, ka ɗauko mini hoton hasumiyoyinsa daga kusa. Ka gaida abokan zamanka.

Naka har kullum,
Amininka